Allon Waje na Ramlat

Zubair ya kashe babur ɗinsa a gindin darbejiyar da ke gaban ofishin ƙungiyar manoman rani, ya saɓa jakar kayan aiki, ya nufi ƙofa kai tsaye kamar yadda duk mai gyara yake yi. Bai kai ga taɓa ta ba ya ji murya daga gefe.

"Malam, ba ta nan ake bi ba. Zagayo ta taga."

Ya zagayo. Wata budurwa ce zaune a ciki da hijabi ruwan toka da farin gilashi, fuskarta duk gajiya. Ita ma ta ɗago ta dube shi, ta ga dogon saurayi da shatin hular kwano a goshi. Kallon bai daɗe ba, amma dai ya ɗan wuce na gaisuwa. Ya ce shi ne mai gyaran kwamfuta da aka kira daga Ɗanbatta. Ta ce ita ce Ramlat, kuma in gyara zai yi, daga nan inda yake tsaye zai yi shi.

Ya ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne.

Ramlat 'yar Malam Ja'afaru ce, manomin albasa a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari. Ta yi difloma a kan kwamfuta a Kano, ta dawo gida ta zauna tana tsintar shinkafa da wanke-wanke har ta fara manta inda haruffa suke a kibod. Da ƙungiya ta samu kwamfuta da sola don yi wa manoma rajistar taki da iri ta intanet, aka duba garin kaf ba wanda ya iya sai ita. Malam Ja'afaru ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda, kuma da sharaɗi ya yarda: ba namijin da zai shiga ɗakin ya zauna kusa da 'yarsa.

Shi ya sa aka yi dabarar allo biyu. Ɗaya a gabanta, ɗaya a rataye jikin taga yana kallon waje, yana nuna duk abin da nata yake nunawa. Manomi ya tsaya daga waje ya ga sunansa da hotonsa, in an yi kuskure ya ce a gyara. Muddin allon wajen nan yana aiki, Ramlat tana da aiki. Ran da aka cire shi, gida za ta koma.

Da can ƙaramin allo ne tsoho, kuma bai taɓa ba kowa matsala ba. Sai ga Kamaruddeen, dillalin tumatir, ɗan ƙanen Alhaji Mati shugaban ƙungiya, ya sauke wani ƙaton talabijin daga bayan mota ya ce kyauta ce ga ƙungiya. Ko kajin garin sun san wadda aka yi wa kyautar. Alhaji Mati ya sa aka rataye shi, ya ba makarantar Islamiyya ƙaramin allon sadaka a gaban jama'a, ka ga kuwa ba a zuwa a ce a dawo da shi.

Tun daga lokacin burauza, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta fara ciwo. Shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Ramlat ta rubuta suna, haruffan su fito daga baya ɗaya bayan ɗaya kamar masu jin kunya. Aka zagi netwok har aka gaji, sannan aka juyo kan yarinya. Alhaji Mati ya ce in abin bai gyaru ba kafin a rufe rajistar bana, namiji za su nema ya zauna a kujerar. Kamaruddeen kuwa ya ce mata kada ta damu, ai shi matarsa ba za ta yi aiki ba ma.

Wannan duk ta faɗa wa Zubair a taƙaice, idonta a kan allo. Ya saurara, ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya jawo benci.

Haka aka fara gyara ta taga. Shi yana kallon ƙaton allon daga waje yana faɗa, ita tana dannawa daga ciki. Suka rufe tulin shafukan da ke buɗe. Suka share tarkacen da burauza take tarawa na wuraren da aka shiga. Suka tarar da wasu ƙananan manhajoji da aka liƙa mata, har da wata ta sakamakon ƙwallo da ba wanda ya amsa shi ya sa, suka cire. Ya gwada netwok ɗin da wayarsa ya ga lafiyarsa ƙalau. Abin ya ɗan yi sauƙi, amma sauƙin da ba zai hana Alhaji Mati magana ba.

Abin da ya ba shi mamaki, sau da yawa kafin ya ƙarasa faɗa ta riga ta kai wurin. Ya ce ashe Injiniya ce aka ajiye a nan, shi aka wahalar da shi da hanya a banza. Ta ce to ya koma mana. Bai koma ba sai da aka yi la'asar, kuma kafin ya tafi ya karɓi lambarta, wai don ta riƙa gaya masa halin da injin yake ciki.

Da ya isa gida ya rubuta mata: "Injiniya, na iso lafiya. Yaya mai jiki?"

Ta amsa: "Tana nan tana jan ƙafa. Sannu da hanya."

Ya ƙara: "Ita kuma mai jinyar fa?"

Wannan sai washegari ta amsa, kuma gajere: "Da sauƙi."

Tsakanin Ɗanbatta da Watari ba nan kusa ba ne, amma Zubair ya mai da shi kamar ƙofar gida. Yau ya zo da sabuwar waya ta haɗa allo, gobe ya ce manhajar katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hoto a allo, ita ce ta tsufa sai an sabunta. Gaskiya duk gyara ne na ainihi, ba wanda ya ƙirƙira. Sai dai mai gyaran da yake zuwa da soyayyar gyaɗa a leda yana turawa ta taga, ba sai an tambaye shi abin da ke kawo shi ba. Saƙonni suka ƙaru, Injiniya ta zama Injiniyata, ita kuma tana ce masa Malam Mai Taga. Ramlat tana son sa, ta san haka, kuma tsoro take ji, don ba ta ga inda abin zai ɓulle ba.

Ranar da ya yi ɓarnar, ranar cunkoso ce. Manoma sun cika gindin darbejiya, Alhaji Mati yana kan kujerar roba, Kamaruddeen yana jingine da motarsa. Zubair ya ce wa Ramlat ta zare wayar talabijin ɗin na ɗan lokaci su gani. Ta zare. Nan take burauza ta miƙe, shafi yana buɗewa kafin ta ɗauke yatsa. Ta mayar, ciwo ya dawo.

Murnar gano cuta ta ɗebe shi, ya manta inda yake. Ya juya ya ce da ƙarfi:

"Alhaji, ga matsalar nan. Talabijin ɗin nan ne ya fi ƙarfin kwamfutar. Da an cire shi shi ke nan."

Kamaruddeen ya taso ya ce hassada ce kawai, kowa ya san abin da ke kawo mai gyara garin nan, sabon kaya dal a kwali ya sayo shi. Alhaji Mati bai ɗaga murya ba. Ya ce to madalla, tunda masani ya faɗa, sai a cire, mutane su riƙa shiga ciki kamar kowane ofis, wanda zai iya zama da su ya zauna. Ya ce za a ƙarasa makon nan a haka, sannan a sauya tsari.

Sai a lokacin Zubair ya gane abin da ya yi. Ya juyo taga, Ramlat ta riga ta sunkuyar da kai tana kiran mai bi a layi. Ba ta ƙara kallon sa ba. Ya kira ta a waya da yamma ba ta ɗauka ba, ya sake kira washegari haka. A ganinta, ya san sarai abin da allon nan yake nufi a rayuwarta, ya zaɓi ya kayar da kyautar abokin takararsa a gaban mutane ko da ita za ta faɗi tare da ita.

Ya rasa yadda zai yi, sai ya zauna a shagonsa ya rubuta dogon saƙo. Abin da bai yi tunani ba, WhatsApp ɗinta a buɗe yake a burauza, don ta nan manoma suke turo hotunansu. Kuma daidai lokacin ta shiga ɗauko hoton wani. Hannunta ya zame, saƙon ya buɗe a gabanta, ya buɗe kuma a ƙaton talabijin, kowane harafi kamar tafin hannu.

"Injiniyata, na yi kwaɓa, na sani. Inji nake kallo na manta da mutumin da ke bayansa. Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki bar ni in gyara abin da na ɓata. Ina son ki, Ramlat, kuma da aure nake son ki."

Ta danna ta rufe. Burauza ta ƙi motsi. Ta sake dannawa, ta sake, saƙo yana nan daram. Wani mai taimako a cikin layi ya ga tsofaffi suna miƙa wuya, ya karanta musu da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko kalma ba. A bakin benci kuwa, da hotonsa a hannu yana jiran layi kamar kowa, Malam Ja'afaru ne zaune.

Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya zo taga ya ce ta kashe injin ta biyo shi gida.

A gida ya faɗi nasa sau ɗaya. Ya ce ba son da yaron yake mata ne ya ɓata masa rai ba, ai ba a hana so. Amma gidansa yana da zaure, kuma shi yana raye. Wanda ya mai da tagar ofis wurin zance, har garin nan kaf ya ji maganar auren 'yarsa kafin shi, ba mutumin da zai ba 'ya ba ne. Aiki kuma an gama. Ya karɓi wayarta ya ba mahaifiyarta, Inna Huseina, ta ajiye.

Aka sauke talabijin aka jingine a lungu. Wani saurayi da Alhaji Mati ya samo daga Bagwai, garin da ke kusa da su, ya zauna a kujerar, burauza tana gudu yadda ake so, maza suna shiga suna fita. Sai dai matan ƙungiya, masu noman alayyafo da latas, suka ɗauke ƙafa. Ba wadda za ta shiga ɗaki ta zauna kafaɗa da kafaɗa da saurayi, kuma mazansu ma ba za su bari ba. Suka riƙa zuwa wurin Inna Huseina suna tambaya ko takinsu ya tafi ke nan.

Ramlat ta koma tsintar shinkafa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta yi wa mahaifinta musu ba. Ta dai daina dariya, ta rage cin abinci, in an yi mata magana sai an maimaita. Kamaruddeen ya zo zance da ledoji, ta fita ta gaishe shi ta gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa ba ta jin za ta iya zaman da yake so. Malam Ja'afaru yana ganin duk wannan yana yin kamar bai gani ba.

Kan nata dai bai daina aiki ba. Wata rana tana tankaɗe ta tsaya cak, ta roƙi Inna ta ara mata wayar, a gabanta za ta rubuta, ta kuma karanta mata. Inna ta zaro ta daga ƙarƙashin kwalla, Ramlat ta rubuta wa Zubair:

"Ban huce ba tukuna. Amma ƙaramin allon bai taɓa wahalar da kwamfutar ba. Me zai hana a sa babban ya yi aiki kamar ƙarami?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye rariya.

"Abin da nake ta bincike ke nan, kin riga ni. Ɗigon hoton talabijin ɗin ya ninka na tsohon allon sau da yawa, kwamfutar kuma tsohuwa ce, duk shafin da kika buɗe sai ta zana masa shi da wannan yawan. A rage rezolushan ɗinsa kawai, wato yawan ɗigon. Ba sai an cire shi ba. Da na tsaya na yi tunani ranar nan da ban jawo miki wannan ba. Zan zo wurin Baba."

Ya zo kuwa, ranar Juma'a bayan an sauko, ya yi sallama a zaure ya durƙusa. Bai kare kansa ba. Ya ce ya yi laifi biyu, na maganar da ya yi a gaban jama'a da na bin taga ya bar ƙofa, kuma ko ba za a ba shi Ramlat ba yana roƙon a bar ta ta gwada gyaran nan, don matan da takinsu zai wuce da kuma don ita kanta. Malam Ja'afaru ya bar shi a durƙushe har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan ya ce zai je ya gani da idonsa.

Alhaji Mati bai yi gardama ba, don matan sun ishe shi, har da tasa matar. Aka mayar da talabijin jikin taga. Ramlat ta shiga ita kaɗai, Zubair ya tsaya a waje nesa kaɗan, Malam Ja'afaru a tsakaninsu kan benci. Ta buɗe saitin allo ta rage rezolushan, talabijin ya yi duhu ya dawo. Zubair ya ce ta shiga saitin burauza ta kashe maɓallin da ke ɗora wa katin hoto aiki, in bai taimaka ba ta mayar. Ta kashe, ta rufe burauza ta sake buɗewa. Shafin rajista ya fito gaba ɗaya lokaci guda. Ta rubuta sunan mace ta farko a layi, haruffa suna bin yatsunta.

Kamaruddeen, da yake ba mugu ba ne, ya ce ai dama ya faɗa talabijin ɗinsa lafiyayye ne. Aka ce masa haka ne. Ya janye daga neman aurenta bayan 'yan kwanaki, ba tare da rigima ba.

Malam Ja'afaru ba allon ya fi kallo ba. Fuskar 'yarsa yake kallo ta taga, yadda take amsa gaisuwar matan tana tsokanar su kan hotunansu. Ya daɗe a haka. Da zai tashi ya ce wa Zubair, ba tare da ya dube shi ba:

"Ka turo manyanka. Ta ƙofa."

An yi rajistar matan kaf kafin a rufe. Manyan Zubair suka zo, aka yi gaisuwa, aka sa rana bayan an cire albasa. Sai dai murnar Ramlat ba ta cika ba, kuma ba wuya a gane dalili. A gidan su Zubair na Ɗanbatta an riga an fara yi wa ɗakin amarya fenti. Ba matar auren da za ta riƙa yin wannan doguwar hanyar kullum. Aikin da ta sha wahalar ƙwatowa, aure zai karɓe shi cikin ruwan sanyi, kowa yana guɗa. Ta rubuta masa hakan, ya amsa cewa ya yi magana a gida, kawunsa ya ce a danginsu ba a taɓa kai amarya gidan haya a wani gari ba. Ya ce zai sake gwadawa. Ita dai ba ta sa rai ba, ta fara koya wa kanta haƙuri.

Ranar ɗaurin aure mutane suka cika ƙofar gidan Malam Ja'afaru, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Liman ya gyara zama zai fara, Malam Ja'afaru ya ce a dakata yana da magana da kawun ango, kuma a gaban shaidu yake so ya yi ta.

"Yarinyar nan na taɓa raba ta da aikinta da hannuna, na kuma ga yadda ta koma a cikin gidana. Ba zan bari a sake yi mata haka ba, ko da sunan aure ne. Na ba ku ita, amma a inda za ta iya zuwa ofishinta za ta zauna. In kun yarda, bismillah."

Kawun ya waiga ya dubi Zubair a bayan sahu, Zubair ya gyaɗa kai tun kafin a tambaye shi. Dattijon ya yi ɗan murmushi ya ce da ma yaron ya ishe su da wannan maganar, tunda uba ma ya faɗa, sun yarda, a nemi gida a Bagwai, ango ya sha hanya tunda ya saba.

Aka ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa.

A cikin gida Ramlat tana lulluɓe a tsakiyar ƙawaye, ba ta san abin da aka yi a waje ba sai da Inna Huseina ta shigo ta raɗa mata. Kukan da ba ta yi ba duk tsawon zamanta a gida, a nan ta yi shi. Da aka kai ta sallama wurin mahaifinta ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa kawai.

Ya dafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa mijinta ya riƙe ta da amana. Matan da ke bakin ƙofa suka amsa da amin. Sannan ya ce ta tashi haka nan, mota tana jira, kuma ta huta sosai, don ya riga ya gaya wa Alhaji Mati cewa da an gama hidimar biki za ta dawo bakin aikinta.